Ni da ƙanwata mun ɓata a kan mugun cikin labarinmu

Anti mai wannan fili, ina gaishe ki da aiki. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi min dariya, domin duk wanda na fara ba shi labarin sai ya ce wai a kan zanen yara muke faɗa. Yau mako biyar ke nan ni da ƙanwata ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba, alhali gida ɗaya muke.

Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a shagon sayar da magani. Ƙanwata, wadda muke kira Auta, na girme ta da shekara biyar. Ita a shagon buga takardu take, tana tsara katunan gayyata da allunan talla. Tun muna yara muke kallon fina-finan zane na Japan da ake kira anime, daga baya muka koma karanta littattafansu na labari cikin zane, wato manga. Ni labarin ke ja na, ita kuma zanen. Shekara uku da suka wuce muka ce bari mu ma mu gwada namu: ni in rubuta, ita ta zana. Duk Asabar da rana sai mu ture kayan ɗinkin Mama gefe guda a teburin falo, mu baza takardu, Auta ta jera alƙalumanta bisa kaurin bakinsu, kuma kaiton wanda ya taɓa mata su. Shafi huɗu muke sakawa a intanet duk mako. Masu bibiyarmu ba su kai dubu ba, amma akwai waɗanda in mun makara da kwana ɗaya sai sun aiko suna tambayar ko lafiya.

Labarin na wata yarinya ce da ta tashi a tsibiri. Shekarar da aka yi ambaliya, mai fiton da ke tsallakar da su ya ɗauki kwalekwalensa ya gudu shi kaɗai, ya bar mutane ruwa na cinye su. Yarinyar ta tsira, ta girma tana nemansa. A babi na arba'in ta same shi, ya tsufa, yana ɗinkin komar kamun kifi a bakin wani kogi. Abin da na rubuta shi ne ta tsaya ta dube shi, ya buɗe baki zai yi magana, ta juya ta yi tafiyarta. Shafi biyu, shi ke nan. Auta ta karanta ta ce ba za ta zana ba. Wai sai an ba shi shafi goma, a koma ƙuruciyarsa, a nuna abin da ya tsorata shi a ranar, sannan ya nemi gafara.

Anti, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a anime tun da can. Mutum zai ƙone gari guda, a yi ta fama da shi babi ɗari, sai ana gab da gamawa da shi a nuno shi yana yaro a cikin ruwan sama, ba takalmi, a saka kiɗa mai taushi, mu yi ta share hawaye. Waɗanda ya ƙone fa? Su ba su yi ƙuruciya ba? Ko suna ba a ba su ba, ɗigo-ɗigo ne kawai a bayan hoto. A ganina wannan wayo ne, ana sayen tausayinmu da araha. Na gaya wa Auta haka. Ta ce ai ni ma na san abin da ya sa muka bar wasu fina-finan muka manne wa waɗannan shi ne mugunsu mutum ne, ba dodon gona ba. Ta ce bos, wato babban mugun fim, in an haife shi bos, ba dalili ba tarihi, ko tsoro ba ya ba ta. Ta tuna min yadda masu manga kan bar shafi guda ba kalma ko ɗaya, sai kofin shayi da ya huce ko takalmi a bakin ƙofa, kuma wannan shirun ya fi dogon jawabi faɗin halin mutum. Ta ce sanin dalilin mutum daban, wanke shi daban. Na ce a takarda ne suke daban, a zuciyar mai karatu abu ɗaya ne.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, don mun saba irin wannan musu, har Mama kan leƙo ta ce mu rage murya kada maƙwabta su zaci gado muke rabawa. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Mahaifinmu ya bar mu ina da shekara goma sha ɗaya, Auta tana da shida. Ya ce ya samu aiki a wani gari, zai dawo ya ɗauke mu. Ya kira sau uku, daga nan shiru, shekara ashirin. Ni ce na riƙa zama a bakin ƙofa da yamma ina duban kan layi. Ni ce na ga Mama tana taka keken ɗinki har ƙafafunta suka kumbura, ni ce nake yi wa Auta ƙarya cewa ya kusa zuwa. Wata huɗu da suka wuce baffanmu ya zo ya ce mahaifinmu ya dawo, yana gidan shi baffan, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na ce Allah ya ba shi lafiya, ban ƙara ko kalma ba.

Ranar da muka yi musun, da Auta ta tashi ɗauko ruwa, sai na buɗe littafin da take gwajin zane a ciki. Ta riga ta zana mai fiton a tsufansa, wajen sau ashirin. Hannunsa na hagu a lanƙwashe a kan cinya. A babban yatsansa na dama akwai tabo mai kamar ƙugiya. Anti, na san tabon nan. Wannan yatsan ne yake riƙe min fensir lokacin da nake koyon rubuta sunana. Auta ba za ta iya tuna shi ba, ta yi ƙanƙanta a lokacin. Sai dai in kwanan nan ta gan shi.

Da ta dawo na tambaye ta, ba ta musa ba. Ashe duk Laraba in ta tashi aiki gidan baffa take zuwa, ta zauna kusa da mahaifinmu tana zana shi, shi kuma yana ta kallon ta, maganar ma ba ta fita sosai. Raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya kwatanta miki. Na ce mata ita ba ta san komai ba, a bayana ta yi barci lokacin da ake shan wahalar. Ta ce shi ya sa take son ta sani. Sai na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa: na ce ba don rubutuna ba, babu mai tsayawa ya kalli zanenta, ta je ta ci gaba da katunan gayyata. Ta tattara alƙalumanta ɗaya bayan ɗaya ta shige ɗaki. Tun ranar teburin ya koma na ɗinki.

Na kai ƙara wurin Mama ina zaton za ta goyi bayana. Sai ta ce ita ta daɗe da yafe masa saboda hawan jininta, amma ganin sa ne ba ta bukata, kuma ba za ta hana kowa ba, ba za ta tura kowa ba. Wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba sai ke: makon jiya baffa ya kawo takardar maganin mahaifinmu shagonmu, ni ce a kan kanta ina sallamar masu saye. Na haɗa maganin, na rubuta yadda za a sha da manyan baƙaƙe, har na ƙara da cewa a ba shi bayan ya ci abinci. Da baffa ya fita sai na shiga ɗakin ajiya na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Ki gaya min gaskiya, Anti. Taurin zuciya gare ni? In bar ta ta zana shafi goman ne don a zauna lafiya, alhali ina ganin ƙarya ce? Ina son ƙanwata, ina son labarinmu, amma ba na son a sa ni yafiyar dole, ko a takarda ko a fili.

Taki,
Yayar mai zane

*

Yayar mai zane,

Ban yi dariya ba, kuma ba taurin zuciya gare ki ba. Mai taurin zuciya ba ta rubuta ƙa'idar magani da manyan baƙaƙe.

Mu fara da abin da ba ya bukatar dogon tunani. Maganar da kika yaɓa wa Auta a kan zanenta ba ta da alaƙa da mahaifinku, ba ta da alaƙa da mai fito. Kin nemi inda zai fi yi mata ciwo ne kika soka, kuma kin san ba gaskiya ba ce, tunda da tabo ɗaya a yatsa ta tsayar miki da numfashi. Ki je ki ba ta haƙuri yau, ba gobe ba, kuma kada ki haɗa da "amma ke ma". Girman yaya ba ya raguwa don ta ce ta yi kuskure. Ɓoye miki da ta yi bai kyautu ba, sai dai ki tambayi kanki ko kin bar mata ƙofar da za ta gaya miki.

Game da labarin, ni ba gwanar anime ba ce, abin da na sani na tsinta ne daga 'ya'yana da suka hana ni sakat da shi. Amma na san labari, kuma a ganina kowaccenku ta riƙe rabin gaskiya. Kin yi daidai: kiɗa mai taushi ba hukunci ba ne, kuma marubucin da ya ba azzalumi ƙuruciya ya hana waɗanda aka zalunta ko suna, ya yi son kai. Auta ma ta yi daidai: mutumin da kuka sa masu karatu suka bi sawunsa babi arba'in, in kuka hana shi buɗe baki kun cuce su, kun kuma rage wa jarumarku nauyi, domin juya wa gunki baya ba jarumta ba ce. Laifin ba a ba mugu dalili yake ba. Laifin yana wurin a mai da dalilin sabulu.

Saboda haka ki bar shi ya yi magana. Ta zana shafukansa, ke kuma ki nemi naki shafukan na mutanen tsibirin, da sunayensu da abin da kowa yake yi da safiyar da ruwa ya zo. Bayan an ji duka biyun, amsar yarinyar a hannunki take. Tana iya saurarar sa har ƙarshe ta ce ta ji, ta tafi ba tare da ta yafe ba. Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ya fi shafi biyunki ƙarfi. Amma kada ku taɓa babin nan yanzu. Ku sanar da masu bibiyarku kun tafi hutun wata guda. Ku biyun kun ɗora wa mai fito kayan da ba nasa ba: ke kina son ki hukunta mahaifinku da alƙalami, ita tana son ta wanke shi da tawada. Har hannun da tabon ma, ina ba Auta shawara ta canza su.

Ki kuma fahimci ƙanwarki. Ke abin da kika tuna ya yi miki yawa, ita nata ya yi kaɗan. Ba cin amanarki take yi ba, fuskar da ba ta sani ba take nema. Abin da nake ji mata tsoro shi ne a labari ne kawai kowane mai laifi yake da dalili mai shafi goma. A rayuwa sau da yawa za a tambayi mutum me ya sa, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai sani ba, ko ya kawo dalilin da bai kai ya kawo ba. In ranar ta zo, Auta za ta bukaci yayarta kusa. Wannan kaɗai ya isa ki gyara tsakaninku tun yanzu.

Zuwa wurinsa kuwa, ba zan ce dole ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yafiyar da aka matsa wa mutum ya yi ba ta zama a zuciya. Abu ɗaya zan tuna miki: yafiya ba ta da wa'adi, amma rashin lafiya irin tasa tana da shi. In akwai tambayar da kike son ki yi masa da bakinki, kada ki jinkirta har ta rasa mai amsawa. Kina iya zuwa sau ɗaya, ki zauna minti goma, ki faɗi naki ko ki yi shiru, ki tashi. Zuwa ba alkawarin komai ba ne. In kuma kin auna kin ga ba za ki iya ba, ki yi koyi da mahaifiyarku, wadda na ga ta fi mu duka hikima: kada ki je, kada ki hana.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba mara lafiya sauƙi, ya saka wa Mama da alheri bisa abin da ta jure. Ki gaishe min da Auta.

Antinku