Kwabban Fata Masu Sunana

Daren Laraba

Wata biyu na yi ina zana kwabban fatar nan, don mu mata mu daina ƙirga ci da tsakuwa a wasan karta. Har sunana baduku ya buga wa kowanne. Aminiyata Balki ta are su.

Yau shugaban Islamiyyarmu ya ajiye ɗaya a gabana. A gidan caca aka tsinto shi, a garin Kwanni. Mijin Balki ne ya kai su.

Na kira Balki, sai ta ce: "Haba Yaya Hadiza, mi anka yi? Fata ce fa!"

Gobe zan tsaya gaban iyayen ɗalibaina in rantse ban taɓa caca ba, ko su karɓe ajina. Na roƙe ta ta zo shaida. Wai tana da biki.