Wanki Arba'in da Ɗaya da Ke Wuyana

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, ni nake rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina, babu zazzaɓi a jikina, babu kuma wanda ya tsaya a kaina. Jiya aka yi mini wankin ƙoda, shi ya sa na zaɓi yau, domin kashegarin wanki ne kaina yake washewa. Kun san sai da na yi furfura na koyi riƙe biro, to ku yi haƙuri da layin da ya karkace. Abin da ke cikinsa daidai yake.

Zuwa gare ku ku uku: kai babbana, da ke Tela, da ke Auta.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. A ɗakin wanki gado takwas ne, kuma na bakin taga na wani tsohon malamin makaranta ne. Shekara biyu muna kwance kusa da juna, injinsa na ƙara, nawa na ƙara. Shi ne yake ba mu dariya, yana cewa mu kaɗai ne kayan wankin da ke biyan kuɗin sabulunsu da kansu. Wata biyu da suka wuce na tarar da wani a gadon, aka ce malamin ya rasu. Na je yi wa matarsa gaisuwa, a gabana masu bin bashi biyu suka shigo da takarda, suka kwance fanka, suka fita da firiji. 'Ya'yansa maza suka tsaya a tsakar gida suna nuna juna da yatsa, kowa yana cewa shi ya fi kashe kuɗi. Tun ranar, duk sanda aka soka mini allurar nan mai kauri, tsakar gidan nake gani, amma da fuskokinku a ciki.

Jikina kuma yana faɗa mini gaskiya. Kumburin ƙafafuna ba ya saɓewa kamar da. Likita ya ce sau uku ya kamata a mako, mu kuwa sau biyu muke iyawa. Matakala tara ce zuwa ɗakin wanki, yanzu sai na huta sau biyu kafin in kai.

Na ɗaya. Littafin bashina mai bango kore yana cikin tsohuwar jakar mahaifinku, a kusurwar ɗakina. Ba ku san da shi ba. Lissafin kuɗi mai sifili da yawa yana rikita ni, saboda haka da wanki na rubuta: kowace sanda ɗaya da na ja, kuɗin wanki ɗaya ce. Jan biro farashin da ne, kafin asibiti ta ƙara kuɗi. Shuɗin biro farashin yanzu ne. Kada ku haɗa su, kada ku biya wani ƙasa da abin da ya ba ni, kada kuma ku bari a caje ku na shuɗi a kan na ja. Duka sanda arba'in da ɗaya ce. Na ƙirga sau uku ina fatan in ga na yi kuskure, ban yi ba.

Na biyu. Mai kemis na bakin titi, sanda shida, duka shuɗi, kuɗin allurar ƙarin jini ne. Ku fara da shi. Bai taɓa aiko mini ba, amma na daina bi ta gaban shagonsa, ina zagayawa ta bayan makaranta da ƙafafun nan nawa. Ofishin kuɗi na asibiti, sanda biyar; akwai takardar da na sa wa hannu, tana tsakiyar littafin. Auta, ki karanta ta a tsanake, ni rabinta kawai na gane, kunya ta hana ni cewa a sake karanta mini. Maƙwabciyarmu mai shagon kayan masarufi, sanda biyar, ja. Mijinta bai sani ba, daga kuɗin sari ta cira. Ku kai mata a hannu, lokacin da ba ya nan.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Saura sanda ashirin da biyar, kuma a cikin gidan nan suke. Laifina ne, ku saurara har ƙarshe kafin wani ya tashi.

Babbana, ranar da aka ce idan ban biya ba ba za a ɗora ni a inji ba, kai na kira. Ka je wurin maigidanka mai motocin kaya ka karɓi albashinka na gaba, sau uku kana yin haka, har ya kai sanda goma sha huɗu. Na roƙe ka kada ƙannenka su ji, na ce hankalinsu zai tashi. Shi ya sa kake karɓar tafiya mai nisa wadda sauran direbobi suke gudu, kana yin mako biyu ba mu gan ka ba.

Tela, ke ma na kira ki a ɓoye, wata uku bayan haka, don na ji nauyin sake komawa wurin yayanki. Kika sayar da keken ɗinkinki na lantarki, wanda kika yi shekara huɗu kina tara kuɗinsa. Sanda goma sha ɗaya ke nan. Na sa kika yi mini alkawari yayanki ba zai ji ba. Kika ce wa kowa kin koma shagon wata ne saboda can ya fi ciniki, alhali keken haya kike takawa, ana raba kuɗin ɗinkin biyu.

Ina tsammanin asirinku nake rufawa. Sai ga ku a barandar asibiti, ina kwance ina jin ku ta taga. Babbana ya ce ke ba ki kawo komai sai hawaye da lemo. Ke kika ce shi baƙo ne, sai ya ga dama yake leƙo uwarsa, kamar mai karɓar kuɗin wuta. Kowannenku yana da amsar da za ta rufe bakin ɗan'uwansa, kowannenku ya haɗiye ta saboda alkawarin da ya yi mini. Ni kuwa ina ji, jinina yana zagaya cikin roba, na rufe ido na yi kamar barci nake. Wata bakwai ke nan ba ku gaisa ba. Idan ɗaya ya ga takalmin ɗaya a ƙofa, sai ya juya. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, tsoro ya hana ni, ina gudun ku ce uwarku ta ci ta nan ta ci ta can.

Na warware muku alkawarin. Babu wanda ya gaza a cikinku. Ni na raba ku.

Na huɗu. Abin da na mallaka ba shi da yawa, 'yan kunnena da gadon ƙarfe sun tafi tun shekarar farko. Saura firiza, da janareta ƙarami, da kuloli huɗu. Ku san ba a raba komai sai an biya bashi. Roƙona shi ne kada ku sayar da firizar a gigice. Masu saye suna gane gidan da aka matsa. Auta ta san masu shayi da masu lemon da nake kai wa ƙanƙara, ta san wanda yake biya kullum da wanda sai an bi shi. Ku bar ta ta ci gaba, abin da ya fito a raba uku: na wuta da haya, na masu bashin waje, na ukun a tara a mayar wa Tela kekenta. Ba kyauta ba ce, bashi ne. Tela, kada ki ce kin yafe don kunya. Idan za ki yafe, sai keken ya dawo hannunki tukuna. Babbana, idan na waje sun ƙare, kason nasu ya koma rage abin da maigidanka yake cira, ka samu ka riƙa kwana a gidanka. Matarka ta yi haƙuri da yawa, ba ta san dalili ba. Ka faɗa mata.

Shekara goma sha takwas ina sayar wa mutane ruwan sanyi, yau kofi biyu aka yarje mini a yini. Kullum sai na buɗe firizar na tsaya ina kallo. Auta, na san kin gan ni ina tsotsar ƙanƙara a bayan ƙofa kika yi kamar ba ki gani ba. Allah ya yi miki albarka.

Na biyar. Auta, maganar ba ni ƙodarki da kike ta yi, na ji, na gode, ban yarda ba. Kuɗin aikin ba mu da shi, kuma ba zan sa ku ciwo sabon bashi a kan tsoho ba. Amma ku uku duka ku je a auna jininku da fitsarinku kowace shekara. Ni hawan jini na raina, ina shan maganin ciwon kai ina komawa bakin firiza.

Na shida. Idan likita ya ce wankin ya daina amfani, kada wani ya je ya jinginar da komai a ɓoye don a ƙara mini mako. Duk abin da za a yi, ku uku ku zauna ku yanke tare. Idan kuma na tsorata na kira ɗayanku gefe, na san halina, to ya fito ya faɗa wa sauran a gabana.

Da na fara rubutun nan, nufina a buɗe shi bayan raina. Yanzu da na kai nan, na ga idan na yi haka, na sake ɓuya ke nan, na bar ku ku yafe wa wadda ba za ta ji ba. Saboda haka, Auta, ranar Alhamis idan mun dawo daga wanki, ki kira su. Ki ce ni na ce, kuma wanda ya ga takalmi a ƙofa ya cire nasa ya ajiye kusa da shi. Ke za ki karanta, ni zan zauna in ji. Kada ki saurare ni idan na ce a bari sai wani makon.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiyar da ba a saya da kuɗi, ya raba ku da gadon bakin taga. Allah ya sauke mini wannan nauyi ta hannunku, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku fiye da abin da kuka yi mini. Ku riƙe juna. Babbana, ƙannenka amana ce a wuyanka. Tela, yayanki ba shi da wata ƙanwa da ta fi ki. Auta, ke ce za ki riƙa kai maganar wannan ga wancan, ki kai mai daɗi. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ni ma ku yafe mini, tun ina iya jin muryarku.

Mahaifiyarku.