Awo da Hannun Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin nan da ya kai ka inda waya ba ta shiga sai ta ga dama.

Masu aikin sabon kicin ɗin Mama sun zo ranar Litinin, su uku. Mai famfo surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Mai wayarin, wato mai haɗa wayoyin lantarki, shi kuwa ko sannu ka ce masa sai ya duba agogo. Kafintan ne dattijo, fensir a bayan kunne, ba ya magana sai ta kama. Na nuna musu zanen da ka aiko, kowa ya yaba.

Ban da mai kicin ɗin. Yaya, Mama ta yi kicin-kicin da fuska, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Na ce, "Haba Mama, ɗanki ne fa zai fitar da ke kunya." Ta ce, "Wa ya ce masa ina cikin kunya? Ki rubuta masa, ran da aka cire katako ɗaya a ɗakin nan, ni da girki sai dai labari." Kuma ba da wasa ta faɗa ba, ka san muryarta.

Ni ma da na tsaya ina kallo sai da zuciyata ta karye. Ga kabad ɗin da marigayi Baba ya haɗa da hannunsa, wanda ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Ga kantar da kake ɗaga ni in ɗauko sukari, in an kama mu ka ce kai wucewa kawai kake yi. Har yau ban yafe ba. Ga tagar da Mama ke leƙowa ta ƙwala mana kira in mun yi nisa a wasa. Na san gara ta cinye rabin katakon, amma dai.

Sun ce Alhamis za su fara ɓallewa. Me za a yi?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ki gaishe min da Mama, da maigidanki da yara.

A ci gaba da aiki. Tsofaffi haka suke, ko labule aka canza musu sai sun yi kwana uku suna mita. Ke ba ki yi wayo ba lokacin da rufin ke yoyo, Mama na tare ruwa da kwano tana girki. Ina ɗan shekara goma na ce mata in na girma zan yi mata kicin irin na cikin mujalla. Ta yi dariya ta ce, "Girma tukuna, sarkin alkawari." Shekara talatin maganar na raina.

A bi zanen yadda yake: ƙofofi sumul babu mariƙi, famfo ya koma ƙarƙashin taga, murhu kuma na gilashi da ake dannawa da yatsa. Tana gani za ta huce.

Maganar sukari kuwa, ke ce mai dogon hannu, ni kafaɗa kawai na ba da aro.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta.

An ɓalle komai ranar Alhamis. Ana cikin fitar da katako, kafinta ya yafito ni, ya ce in shafa ƙarƙashin bakin kantar. Na shafa, sai na ji tsaga-tsagar wuƙa, ɗaya a nan, biyu a can, uku a gaba. Ya ce, "Ɗaya wurin gishiri ne, biyu sukari. Dubi kuma zaren da aka ɗaure a makunnin murhu. 'Yata, mai gani ba ya yi wa kayansa irin wannan shaida."

Na fito da sauri. Na sami Mama a falo na ce, "Mama, wace kalar riga ce a jikina?" Sai ta ce, "Kafintan nan ya cika sa ido." Ka ji fa! Sannan ta faɗa min, shekara biyu ke nan tana ganinmu kamar ta cikin tururin tukunya. A kicin ne kawai ba ta buƙatar ido, don hannunta ya haddace shi: taku uku zuwa famfo, juyi ɗaya zuwa murhu. Na ce don me ta ɓoye? Ta ce, "Kuna ji za ku kwashe ni daga gidan ubanku, ku ajiye ni a kujera ana miƙo min abinci kamar baƙuwa."

Ni da nake zuwa duk mako ban gane ba, Yaya! Ina ganinta tana sa yatsa a bakin kofi in tana zuba shayi, na ɗauka salon tsufa ne. Na yi kuka har na gode Allah.

Na kai ta wurin likita. Ya ce idon hagu ya tafi, na dama da sauran haske kaɗan, magani kuma saurin ciwon kawai zai rage. Yanzu kicin fili ne fetal. Jiya ta shiga, ta miƙa hannu inda kabad yake, ta damƙi iska, ta juya ta fito. Abincin da na kawo loma biyu ta yi.

Auta

*

Auta,

Salam. Sau uku na karanta. Na zaci kyauta nake yi mata, ashe sauran idonta na sa aka ɓalle. Allah ya yafe min.

A tsayar da aiki. Ki sallami masu aikin, ki ɗauki Mama ta koma wurinki. Hankalina ba zai kwanta ba tana kusa da wuta ita kaɗai. Na san ba za ta so ba, amma gara fushinta da ƙuna.

Yayanki

*

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne kafintan da ke aiki a gidanku. Ka gafarce ni da shiga abin da ba a sa ni ba. Ƙanwarka ta karanta mana umarninka, ni kuma na roƙi arzikin kwana ɗaya.

Cewa na yi Mama ta shiga ɗakin ta yi min girki. Ta ce, "Da me, da bango?" Na ce ta yi kamar komai na nan. Da farko ta ƙi, ta ce ba ta haukace ba tukuna. Can dai ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi bismilla, ta taka. Shekarata arba'in a wannan sana'a, ban taɓa ganin irinsa ba. Ta buɗe famfon da babu, ta wanke hannu, ta zaro wuƙa a iska, ta yanka albasa, ta juya ta ɗebo gishiri. Ni kuma ina biye da alli, duk inda hannunta ya tsaya in yi shaida a bango. Sau uku muka maimaita, ko faɗin yatsa ba ta kauce ba. Mai famfo ranar shiru ya yi, da ta zo sauke tukunya har da ja da baya kada ruwan zafi ya zuba masa.

Shawarata a ajiye zanen. Katako sabo, amma kowane abu a inda ta san shi. Mariƙi manya, murhu mai makunnin murɗawa, wanda ke kashe kansa in wuta ta mutu. Mai wayarin zai sa fitila mai ƙarfi saboda idon dama. Mai famfo zai mayar da bututu inda ya ciro shi, yana mita amma zai yi.

Ba zan ce babu haɗari ba. Sai dai na ga fuskarta lokacin da take girkin nan na iska, kai ba ka gani ba, shi ya sa na rubuto. Wuƙa da nama suna hannunka.

Naka,
Kafinta

*

Babba,

Ina gaishe ka. Auta ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta yi ƙari.

Saƙonka na a bi hannuna ya iso, an bi. Jiya aka gama. Na kori kowa, na dafa abincin mutum tara har da masu aikin, ban ƙone ba, ban ƙona ba. Allah ya yi maka albarka, na yafe.

Saura abu ɗaya. Ka nemi hutu ka zo, kada ka ce min sai ƙarshen shekara. Abinci ko yaushe ka zo hannuna zai dafa maka. Fuskarka ce hannuna bai haddace ba, ita nake so in gani tun na dama bai rufe ba.

Mahaifiyarka