Aron Fim ta Katanga

Assalamu alaikum, Yaya Sa'adatu.

Ina gajiya, ya maigida da yara? Mu nan Kusada lafiya lau.

Na'urar kallo ta intanet da kika aiko ta iso, na gode. Hotonta tar, ya fi na faifai nesa ba kusa ba. Sai dai jiya maƙwabciyarmu Iya Lami, wadda ciwon ƙafa ya kwantar, ta aiko aron fim kamar kullum. Na rasa abin miƙa mata ta katanga, don na bi maganarki na kyautar da faya-fayaina. Na ji kunya.

Ranar kasuwar Kankia zan sayo wasu, kada ki hana ni. Gara mini dishi-dishin da ake ara da tar ɗin da ba ya fita ɗakina.

Ki sa Iya Lami a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hindatu