Inuwar Maƙabartar Kerala

Daren Talata, watan Rajab, unguwar Hindawiyya, Makka

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar maigidana Alhaji ya kira ni ta bidiyo daga Indiya. Likitan ƙoda ya ba shi hutu yau, sai ɗanmu Hamza ya kai baban nasa wani tsohon masallacin katako a Kerala, mai rufi irin na ɗakunan bautar mutanen can. Wai fataken Larabawa ne suka kafa shi tun zamanin da.

Har na fara murna da jin muryarsa, sai ya juya wayar ya nuna min maƙabartar bayan masallacin.

"Hajiya, dubi inuwa. Duk baƙi ne kwance a nan, kuma ƙasar ta riƙe su da mutunci."

Na ce, "Alhaji, me ya kai ka maƙabarta?" Ya yi dariya, wai iska yake sha.

Mutumin da ya ƙi komawa Kano tun muna da ƙuruciya, don dai a binne shi a Makka, yau shi ke yabon ƙasar wasu. Na tambayi Hamza me likita ya ce, wai sabis ba kyau.

Igamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta mutu, in na fita ba dawowa. Na sauko da akwati, na mayar, na sake saukowa da shi.

Ya Rabbi, na san mijina. Makwancinsa ya nuna min, don ya san ƙafata ba za ta taka wurin ba.