Na ƙara wa keken surukina gudu, an ɗora wa tsufansa laifi

Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, rabin Rano sun san fuskata, sauran rabin sun san muryata.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ɗauki maganata da gaske, don a gida an ƙi ɗauka.

Ni magidanci ne, na ba arba'in baya da nisa, hatsi nake sayarwa a Rano. Mutum ne ni mai barkwanci, in na ga ɓera a shago sai in ce da kura muka yi kokawa, kowa ya san halina, kuma ban taɓa cutar da wani da shi ba. Surukina, mahaifin matata, yana Fammar, zan kira shi Baba Malam. Dattijo ne ya haura saba'in, yana da wani keke tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, daga baya da gwiwa ta matsa masa 'ya'yansa suka sa aka ɗaura wa keken ɗan ƙaramin inji. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa Kibiya karatu wajen amininsa, ba ɗaurin aure ko jana'izar da ake yi a yankin ba a gan shi ba. Gudun keken nan kuwa, Baba yakan murɗa totur har ƙarshe ya bar shi a nan, ya gaisa da mutanen bakin hanya har ya tambayi iyali da shanu kafin ya wuce su.

Watan jiya muka je gaishe shi, ya ce injin yana tari. Ni da neman suna na ce a ba ni in kai Rano a duba. A hanya wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta wuce ni, ta je gaba ta huta, na iso, ta sake wuce ni. Da na isa wajen bakanike abokaina na majalisar gefe suka sa ni a gaba, wannan ya ce ko tun jiya na taso, wancan ya ce in sauka in goya keken mu fi sauri. Ni da nake yi wa mutane, yau ga shi ana yi mini. Raina ya sosu. Bayan an canza fulogi sai na tambayi bakaniken ko abin nan zai iya gudu, ya ce sosai ma. Ya cire farantin nan mai haƙora na tayar baya wanda kaca take hawa ya sa ƙarami, ya buɗe salansa ya fitar da abin da ke tare hayaƙi, ya taɓa kafireto don ya ƙara shan mai. Ya kuma ce mini, amma fa Alhaji birkin na keke ne, a bi a hankali. Na ce ya bar ni da shi.

A hanyar komawa sau biyu ina tsayawa ɗauko hulata da iska ta ɗauke. Daɗi ya cika ni, ina cewa yau Baba zai san ya yi suruki. Na tarar ya tafi masallaci, na jingine keken a zaure, na ce a gaya masa an gyara. Ban ce an ƙara gudu ba. Kun san kunyar suruki, ba zama nake ina zuba a gidan ba, kuma gaskiya so nake ya gani da kansa ya sa mini albarka.

Washegari ya hau zai je Kibiya. Ƙarar da ta ƙaru ya ɗauka lafiyar inji ce ta dawo. Ya murɗa totur har ƙarshe yadda ya saba shekara da shekaru, a kwanar farko bayan gari keken ya kwashe shi ya zuba a gonar dawa. Hannun dama ya karye, goshi ya fashe. Allah ya tsare rai.

To ga inda na shiga uku. Da aka tambaye shi sai ya ce shi bai yi wani abu daban ba, ya ga dai bishiyoyi suna gudu. Aka kai shi asibiti aka auna, aka ce jininsa ya ɗan hau. Babban wan matata, zan kira shi Yaya Alhaji, dama ya daɗe yana son raba shi da keken, sai ya tara ƙannensa aka yanke cewa jiri ne da tsufa, Baba ya gama hawan keke har abada. Aka miƙe tayar gaba wajen mai faci, aka kulle keken a ɗakin taki. Abin da ya fi kashe ni, Baban da kansa ya yarda. Mutumin da ba ya wuni a gida yanzu yana kan tabarma a zaure tun safe, gona sai dai a ba shi labari, an yi jana'izar abokinsa a Rurum bai je ba don ba ya son a goya shi. Ko cokali zai ɗauka sai ya tsaya ya kalli hannunsa.

Na kasa cin abinci, ni da ake ɓoye tukunya in na shigo. Na je na sami Yaya Alhaji na gaya masa komai, tun daga farantin har salansa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ni ne na ce na taɓa ganin kifi yana bin akuya a Rano, yanzu kuma keken Baba ne ya zama jirgi. Da na rantse sai ya daina dariya, ya dafa ni ya ce ya gane, so nake in ɗauke wa Baba kunya a mayar masa da kekensa, Allah ya saka mini, amma ba zai yi wasa da ran mahaifinsa ba. Yanzu a dangi yabona ake yi, wai ga surukin kirki. Na koma wajen bakanike ya zo ya yi shaida, ya ce shi fulogi kawai ya sani, ba zai je gaban alƙali a kan keken wani ba. Matata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce in ƙarya nake in bari, in kuma gaskiya ne ita ba ta san da wane ido za ta ƙara kallona ba. Shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa jin wannan muryar ba.

Yanzu Yaya Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai ba ladanin garin keken sadaka, shi ma ladanin ba yaro ba ne, kuma ya sha aron keken, ya saba murɗa masa totur har ƙarshe.

In na lallaba aka mayar da injin yadda yake, ladan ya tsira, amma hujjata ta tafi, Baba zai ƙare rayuwarsa yana zargin hannunsa. In na tsaya gaban jama'a na hau keken na nuna musu, kowa zai san ni na karya dattijon nan, na kuma bar shi kusan wata guda a haka, ban san abin da zai rage tsakanina da gidan ba. Ko shi Baban zan fara samu ni kaɗai? Jiya na je da wannan niyyar, na durƙusa, kafin in buɗe baki ya kamo hannuna da hagunsa ya ce, “Ka yi haƙuri ɗana, ka sha wahala ka gyara mini, na je na lalata maka aiki.” Na ce ba komai Baba. Na taso.

Jama'a jibi ne Juma'a. Wa zan fara tunkara, kuma da wane baki?