Yaya Umaru Yana Raye

Aliero, daren Laraba, watan Rajab

Alhamdu lillahi, Yaya Umaru yana raye!

Ina ban ruwan albasa aka ce Hakimi yana nemana. Na iske wani jami'i daga Birnin Kebbi riƙe da takarda da hoto. Na duba hoton: ya rame, gemu ya yi fari, amma shi ne. Shekara uku ke nan da yaƙin Laberiya ya rutsa da shi wurin fatauci, har wasu suna cewa mu fid da rai. Ashe ya tsere da ƙafa zuwa Gini, yana sansanin 'yan gudun hijira.

Jami'in ya ce gwamnatoci sun daidaita, kowace ƙasa za ta karɓi nata, mu dai mu shaida ɗan garin nan ne. Zan sa hannu sai na ga an rubuta mata ɗaya da ɗiya ɗaya. Na dakata, don matar ba 'yar ƙasarmu ba ce.

Na ce, "Ita hwa, ranka ya daɗe? Baro ta za a yi?"

Ya ce, "A'a, an yi yarjejeniya, ba a raba iyali. Tare za su taho."

Da gudu na iso gida da hoton, na ba da labari. Inna ta rungume hoton ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido ta ce, "To ita baƙuwar tamu ta iya cin tuwon dawa? Gobe ka tahi Jega ka sawo shinkahwa."

Na kasa gaya mata jami'in ya ce sai bayan azumi za su iso. Gobe da sassafe zan tafi Jega.